Kogin da Ke Hawa Tudu

An samu kwamfutar ranar Alhamis da ƙarfe uku da kwata na rana, a naɗe cikin tawul a ƙarƙashin gado. An kama mutum ɗaya, kuma bai musa ba. Abin da ya tona masa asiri wani kogi ne da babu shi a ko'ina a duniya.

Ƙarar ta iso teburin Sufeto ranar Laraba da safe. Wanda ya kawo ta manajan wani ƙaramin kamfani ne da ke haɗa wasannin kwamfuta, a ɗakuna biyu da ke saman wani kantin magani. Su huɗu ne a kamfanin: shi Manaja, da Dogo mai rubuta manhajar wasan, da wani dattijo da ya yi ritaya daga ofishin awon ƙasa, suna ce masa Baba Safiyo, sai wata mata da ke zana musu taswira.

Shekara biyu matar ta yi tana gina wani birni na almara a manhajar zanen taswira. Ganuwa uku, gadoji tara, gidaje sama da dubu huɗu, kowanne da hannu ta ajiye shi. Shi za su shigar wata gasa ta ƙasa da ƙasa. Ranar Litinin aka wayi gari babu kwamfutarta a aljihun tebur, babu faifan da take ajiye kwafi. Ranar Talata da yamma birnin ya bayyana a shafin gasar, a matsayin aikin ɗan takara mai lamba arba'in da ɗaya.

Alƙalan gasar ba sa bayyana sunan kowa sai da umarnin kotu, wannan kuwa zai ci mako biyu. Da matar ta yi musu ƙorafi, sun dai ba ta wa'adi: ta turo ainihin aikin kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis. In ba ta turo ba, ita za a ɗauka a matsayin mai satar fasaha, a sa sunanta cikin waɗanda aka haramta wa gasar.

Sufeto ya duba agogo. Awa talatin.

A ofishin, ƙofa lafiya lau, kwaɗon aljihun teburin ma ba a taɓa shi da ƙarfi ba. Kowa na da makullin ƙofa. Makullin aljihun kuwa a cikin kofin alƙaluma yake kwana, kowa ya sani. Da Sufeto ya tambayi dalilin da ya sa ba a ajiye kwafin aikin a intanet ba, Manaja ya share gumi ya ce shi ya hana, saboda tsoron ɓarayi. Saje, wanda ke rubuta bayani, ya sunkuyar da kai yana tari.

Manaja ya ja Sufeto gefe, amma bai rage murya ba. A ganinsa babu wani bincike. Ita ce da aikin, ita ta san darajarsa, ita ta sayar.

Matar na tsaye a bakin taga, ta ji komai.

"Haka kika bar teburin ranar Juma'a?" in ji Sufeto.

Ta dubi teburin kamar yau ta fara ganinsa. "A'a. Ni teburina kamar an yi dambe a kai yake. Har faɗa ake yi mini."

Yanzu kuwa takardu a jere suke, baki ya yi daidai da baki. Wayoyin da suka rage an nannaɗe su an ɗaure da zare. Sufeto ya shekara goma sha tara yana aiki, bai taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya gyara ba.

Dogo ya rantse bai taka ofis ba tun Juma'a. Sai dai mai kantin maganin da ke ƙasa ta ce ta ga wani ya hau ranar Asabar da hantsi, har ya buga kai a saman ƙofa kamar kullum.

"Mutum nawa ke buga kai a ƙofar nan?" Sufeto ya tambayi Dogo.

"Yallaɓai, tsawo ai ba laifi ba ne."

"Ƙarya fa?"

Dogo ya leƙa ya ga Manaja ba ya kusa, sannan ya faɗi gaskiya. Wani kamfani ne ke neman ɗaukarsa, ya zo ya yi ganawar da su ta bidiyo saboda intanet ɗin ofis ya fi na gida ƙarfi. Ya nuna saƙonnin a wayarsa, da lokacin da aka fara da lokacin da aka gama. Ya ce da ya shigo ya tarar da teburin Anti mai taswira a gyare, har ya yi mamaki, ya ɗauka ta shiryu ne. Teburin Dogon kansa kuwa, ɓawon gyaɗa da kofuna uku ne a kai.

Ke nan an yi satar tsakanin yammacin Juma'a da hantsin Asabar. Baba Safiyo bai zo aiki ba duk makon, an ce ciwon ido ke damunsa. Da Sufeto ya kira shi a waya, ya ce ya ji labari, abin ya dame shi ƙwarai, amma bai ga taswirar gasar ba, domin likita ya hana shi kallon kwamfuta.

Ranar ta ƙare a haka. Da safiyar Alhamis babban jami'in ofishinsu ya kira Sufeto ya ce kada a ɓata lokaci a kan zanen yara. In har azahar babu wani abu, a tsare matar a rufe fayil.

Sufeto ya tafi gidanta da ƙarfe goma. Ɗaki da falo ne a bene na uku. Yayarta ce ta buɗe, ta tare ƙofa da jikinta, ta ce ƙanwarta kwana uku ba ta sa komai a ciki ba, in kama ta aka zo yi sai dai a haɗa da ita. Sufeto ya ce tambaya ce kawai. Bai ce mata tambayar ƙarshe ce kafin azahar ba.

Abin da ya rage wa mai taswirar shi ne babbar takarda da aka buga birnin a kai watan jiya. Ta shimfiɗa ta a ƙasa, ta danne kusurwoyin da takalma. Saje ya buɗe hoton gasar a waya.

Ta yi wa Sufeto bayanin yadda manhajar take. Falle-falle ake zane, kamar an jera gilasai a kan juna: fallen ƙasa da tuddai a can ƙasa, sai na ruwa, sai na tituna, sai na gidaje. Kowane falle yana riƙe da ranar da aka taɓa shi da sunan wanda ya taɓa. Shi ya sa alƙalan ke son ainihin aikin, hoto ba ya shaida.

Ta bi unguwa-unguwa tana gwadawa. Kasuwar maƙera, hasumiyar masu duban taurari, lungun masu sayar da fitila. Duk iri ɗaya. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ya wuce. Sufeto ya ji wayarsa na motsi a aljihu, ya ƙi dubawa.

Shi ba ya gane kan taswira, don haka ya yi tambayar wanda bai sani ba.

"Mutanen saman tudun nan, ina suke samun ruwa?"

"Kogin ne ke hawo musu," ta ce ba tare da ta ɗago ba. Sai ta tsaya. Ta karɓi wayar daga hannun Saje, ta buɗa hoton da yatsu biyu har ya fara dusashewa.

A takardarta, ƙananan kibiyoyin da ke kan ruwa suna duban sama. Kogin daga teku yake tasowa, ya ratsa gadoji tara, ya hau tudu ya ƙare a tsakiyar unguwar talakawa. A hoton gasar kibiyoyin sun juya. Kwale-kwalen ma an juya musu kai.

"An gyara mini kogi," ta ce a hankali.

Yayarta ce ta ba da labarin, don ita ta kasa. A saman wani tudu suka tashi, famfo yana can ƙasa. Mahaifiyarsu ta yi shekara ashirin tana hawa da jarka a ka, har wuyanta ya kasa juyawa. Da ƙanwarta ta samu birnin da ita ke da iko da shi, sai ta sa kogi ya riƙa hawa da kansa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa a ofis ba.

"Wa kogin ke damu?" in ji Sufeto.

"Ba kowa."

"Hajiya, saura awa huɗu."

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ce Manaja bai ma san akwai kogi ba, Dogo kuwa cewa ya yi ya burge shi. Baba ne kaɗai ke magana, kusan kowane mako, wai ruwa ba ya hawa tudu ko a mafarki. Ta yi saurin ƙarawa da cewa ba zai yiwu a ce shi ne ba. Shi ya koya mata aikin, shi ya zana mata tuddan, 'yata yake ce mata.

Samun takardar izinin bincike ya ci awa biyu da rabi. Sufeto ya zauna a benci a ƙofar ofishin mai sa hannu yana ƙirga mintuna, yana kuma sane da cewa kibiya a kan zanen ruwa ba hujja ba ce a gaban kowace kotu. In gidan ya zama babu komai, matar ce za ta kwana a tsare.

Baba Safiyo ya tarbe su da baƙin tabarau. Falonsa ƙarami ne, fes. A kan tebur fensira bakwai ne a jere, daga dogo zuwa gajere. Wayar rediyo a nannaɗe take, an ɗaure da zare.

Sufeto bai fito da takardar izinin ba. Ya zauna kamar wanda ya gaji, ya ce shawara ya zo nema wurin masani. Ya shimfiɗa takardar matar. Ya ce sun nuna wa wasu ƙwararru hoton gasar, sun ce ɓarawon ko wane ne bai san aikin ba. Ya lalata kogin, ya juya shi da ka, ruwan ma ba shi da mafari.

"Su wane ne ƙwararrun?"

"Wasu matasa ne, Baba. Sun yi ta dariya. Suka ce aikin ɗan koyo ne."

Dattijon ya gyara zama. Yatsunsa suka fara buga hannun kujera.

"Suka ce da ya bar shi yadda yake, da ya fi."

"Da ya fi?" Ya cire tabarau. Idanunsa garau. "Ruwa yana hawa tudu shi ne ya fi? Mafarin yana nan a bayan hasumiya, a kan layin mita ɗari uku da arba'in. Ga madatsa a ƙarƙashin gada ta uku don kada kasuwa ta cika. Su je su auna gangaren, in sun iya awo."

Saje ya daina rubutu.

"Baba," in ji Sufeto, "jiya ka ce mini ba ka ga taswirar gasar ba. Kuma layukan tsayin ƙasa ba sa fitowa a hoton da aka sa a shafin. Na duba."

Dattijon ya miƙa hannu ya daidaita fensir ɗaya da bai karkace ba. Sannan ya nuna ƙofar ɗakin kwana da haɓa.

Bayaninsa bai yi tsawo ba. Ya shiga ofishin ranar Asabar da sassafe. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana zana wa gwamnati taswira, kowacce da sa hannun darakta ta fita. A nan ma, makon jiya ya ga takardar shiga gasar a teburin Manaja, sunaye uku ne a kai. Manaja ya ce masa yanzu manhaja na iya fitar da tuddai da kanta, ba sai an rubuta shi ba. Dattijon ya ce sau ɗaya yake so ya ga sunansa a ƙasan taswira kafin ya mutu. Ya yi niyyar tura ta yadda take, har ya kai hannu zai danna, ya kasa. Kwana biyu ya yi a kan kogin.

"Ka san ita za a kama?"

"Na ɗauka Manaja zai ji kunya ne kawai. Ban yi tunaninta ba. Wannan shi ne gaskiya."

Mai taswirar ta iso da yayarta ƙarfe huɗu saura ashirin da biyar. A kan teburin fensiran ta buɗe kwamfutar. Fallen gidaje da na tituna suna nan da sunanta, da ranakun shekara biyu. Fallen tuddai da sunansa. Fallen ruwa ma yanzu da sunansa, da kwanan watan Lahadi da Litinin. Tsohon kogin ya goge shi, a kwamfutar da faifan duka.

Intanet ɗin wayar Saje aka jona. Layin turawa ya riƙa tafiya kamar ba ya so, ya tsaya a kashi tamanin har na minti uku. Saƙon ya fita ƙarfe huɗu saura minti takwas.

Da Saje ya zo da ankwa, Sufeto ya girgiza kai. Dattijon ya tsaya a gaban mai taswirar a bakin ƙofa.

"'Yata, me ya sa kika ƙi gyara shi? Sau nawa na faɗa miki."

"Ba kuskure ba ne, Baba."

Aka sa shi a bayan mota, ya ɗora tabaraunsa a cinya.

Alƙalan gasar sun tabbatar da cewa saƙon ya iso cikin lokaci. Sun kuma ce aikin yana ɗauke da sunaye biyu, ɗaya daga ciki na ɗan takara mai lamba arba'in da ɗaya ne, don haka za su zauna a kai. Har Sufeto ya miƙa fayil ɗin ga mai gabatar da ƙara ranar Litinin, ba su faɗi birnin na wane ne ba.