Lalle a Ƙafar Barsu

Ɓarna kowa yana yin ta. Abin da ba a yafewa shi ne mutum ya yi ta da hannunsa, sannan ya tsaya yana waige-waige, yana neman wuyan da ya fi sauƙin rataya wa. Halin Manzo na Garin Ila ke nan, kuma ga yadda ta ƙare masa.

Ran Talata da hantsi aka kira komisariyar 'yan sanda ta Belbeji. Jiya gobara ta ci dajin kiwo arewa da Garin Ila, a ƙasar Tarka, an kuma tsinci gawar wata tsohuwa a cikin toka. Insifekta Mailafiya aka tura, shi da 'yan sanda biyu.

Kafin su iso an riga an rufe ta. Sunanta Umma. Kullum da safe takan ɗauki ƙwarya ta taka zuwa daji roron 'ya'yan itacen anza, shekara talatin ba ta fasa ba. Wuta ta tare ta, ƙafa kuwa ta tsufa.

A ƙofar maigari suka tarar da taro, da wani Bafulatani ɗaure a gindin aduwa da igiyar guga. Dado ne, makiyayi, wanda ya sauka da tumakinsa a dajin tun bayan girbi. Bakin kowa ɗaya, wai garwashin shayinsa ne ya tashi wutar. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Manzo, mafarauci, ɗan wan marigayiyar. Ita ta raine shi tun yana maraya. Cewa yake in hukuma ba za ta iya ba, a bar musu Bafulatanin su gama da shi, a kuma hana danginsa rijiya.

Insifekta ya sa aka kwance igiyar. Ya tambayi Dado ko ya dafa shayi jiya.

"Na dafa, ranka ya daɗe. Amma wutar da ta ci ni daga gabas ta zo. Tumaki goma sha ɗaya na bari a ciki. Wa zai ƙona abincin dabbarsa?"

"Za ka iya nuna mini?"

"In kana iya tafiya."

Aka bar motar a gari. Insifekta ya naɗe ƙafar wando, ya bi Dado cikin baƙar ƙasa, toka tana shiga takalmi. Shirwa na ta shawagi tana tsintar soyayyun fara. Suka wuce bushiya ta dunƙule ta ƙone a dunƙule, da kunkuru biyu, da sheƙar zabin daji. Sawun barewa uku ya yanka ƙunar ya nufi arewa.

Masaukin Dado yana tsakiyar ƙunar, ga ɗan murhun shayinsa a kife. Dado ya nuna masa tushen ciyawa, duk sun kwanta yamma. Iskar jiya daga gabas take. Da a nan wutar ta tashi, gabas da masaukin ba zai ƙone ba sai kaɗan. Ga shi kuwa baƙi ne har iyakar ganin ido.

Suka fuskanci iska suka yi ta tafiya, sa'a guda cur. Ƙunar tana ta tsukewa har ta koma faɗin tabarma, ta tsaya a gindin wani tudun rairayi.

Ramin kurege ne, mai baki huɗu. Biyu an toshe su da ƙasa da busasshen kashin shanu. Na ukun an cusa masa ciyawa, ta ci rabi ta mutu. A bakin na huɗun rairayi ya watsu, kare ya yi tono, ga sawunsa manya-manya.

Dado ya tsuguna ya ce wannan aikin mafarauta ne. A toshe, a hura hayaƙi, kare ya jira a ƙofar da aka bari. Shi karensa na tsaron garke ne, ba ya rabuwa da tumaki ko da za a yanka shi. Insifekta ya ɗauki hoto da wayarsa, ya auna sawun da tafin hannu, suka juya.

Da azahar ya tambayi maigari masu karnukan farauta. Mutum uku ne. Biyu suka jawo nasu, dogaye masu siririn ciki, irin na Buzaye. Insifekta ya sa aka ɗaga ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Ƙarangiya ce kawai a tsakanin yatsu, babu ƙuna, gashi bai babbake ba. Duk su biyun kuma jiya suna kasuwar Belbeji, an gan su.

Na ukun Manzo ne, ya zo hannu sake.

"Ina naka karen?"

"Barsu? Ya ɓata."

"Yaushe?"

"Yau kwana takwas. Wasu Buzaye suka ratsa da raƙuma, ya bi karyarsu."

"Ka neme shi?"

"Ranka ya daɗe, gwaggona na rufe da safen nan, kai kuma kare kake tambaya ta?"

Taron ya yi gunaguni, ya goya masa baya. Insifekta ya dubi fuskokin mutane. Babu wanda ya ce ya ga Barsu jiya, babu kuma wanda ya ce bai gan shi ba. Game da inda ya wuni, Manzo ya ce yana gona yana tara kara, shi kaɗai.

Insifekta ya koma inuwa ya sha ruwa. A nan Dado ya taɓa shi, ya nuna sama ta kudu. Ungulu ne, sun fi goma, suna kewaya wani kwazazzabo a bayan gari. Ya ce wuta ba ta je can ba, kuma bai ji wanda ya yi kukan mushe ba.

Tafiyar ba nisa. A ƙasan kwazazzabon suka ga an ja ƙayar magarya an lulluɓe wani abu. Ɗan sanda ya janye ta da sanda. Jan kare ne dogo, an fasa masa kai da kulki, jinin bai gama bushewa ba. Gashin gefensa ɗaya ya babbake. Ƙafafunsa huɗu kuwa an naɗe su da tsumman zane mai ruwan bula, an ɗaure da kyau. Insifekta ya kwance ɗaya. Tafin ya sale, an cika shi da kwaɓaɓɓen lalle, irin yadda mata ke yi wa ƙuna.

Ya ɗauki tsumman, ya wuce kai tsaye gidan Manzo, ya yi sallama. Matan zaman makoki suna tsakar gida. Ya nemi matar gidan, Bintu, ta fito zaure tana jan mayafi. Yatsunta ja wur, lalle sabo, amma tafin hannun fari. Matar da ta yi ƙunshi ba haka hannunta yake ba. Wannan hannun kwaɓawa ya yi.

Ya ajiye tsumman a gabanta.

"Zanen wa ne wannan?"

Ta daɗe tana kallonsa. "Ina kuka samo shi?"

"A ƙafar Barsu."

"Yana ina? Maigida ya ce mini zai kai shi wajen mai magani."

Insifekta ya gaya mata inda yake, da yadda aka yi masa. Bintu ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce jiya da la'asar suka shigo, maigidan da rigarsa a ƙone, karen yana rarrafe. Ita ta yage zanenta ta ɗaure masa, har maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga tana tsokanarta, wai yaushe za a kai amarya. A lokacin ba a san Umma tana cikin dajin ba. Da safen nan, da aka ce an kira Belbeji, sai ya saɓi karen a kafaɗa ya fita ta bayan gida.

Aka kira Manzo zauren, maigari yana zaune. Ya ga tsumman, ya ga matarsa, sai ya amsa laifinsa.

Ya ce kurege ne. Ya kunna ciyawar, iska ta fizge ta daga hannunsa. Ya yi ta duka da riga har hayaƙi ya rufe shi, ya rasa gabas ya rasa yamma. Haushin Barsu ya bi ya fita. Karen sau biyu yana komowa cikin wutar don ya ga bai biyo shi ba.

"Shi ka fasa wa kai," in ji Insifekta.

"Ƙafafunsa za su tona ni."

"Dado fa? Da ban zo ba sai gobe?"

Manzo ya sunkuyar da kai. "Baƙo ne. Na ce zai wuce."

Maigari ya tashi ya fita, bai dube shi ba. A waje ya tsaya gaban Dado, a gaban jama'a, ya nemi gafararsa. Dado ya ce ya ji. Ya nuna shatar igiya a hannunsa, ya ce gobe zai kora abin da ya rage masa ya yi arewa, don ko an bar masa rijiyar, babu abin da tumaki za su ci a nan sai toka.

Aka sa wa Manzo ankwa, aka tusa ƙeyarsa zuwa mota. Mutanen da suka taya shi ihu da safe duk suka shige gidajensu.

To, ga abin da ya tashi da shi. Gwaggon da ta goya shi tana cikin ƙasa. Karen da ya fisshe shi daga wuta, ungulu suka ƙarasa. Bintu ta gama kwana bakwai na makoki ta ɗaure kayanta ta tafi gidan ubanta a Tanut, ba ta dawo ba. Awakinsa shida, kamar na sauran gari, ba su kai damina ba saboda rashin ciyawa. Alƙali ya ba shi shekara bakwai a gidan kaso. Kuregen kuwa, Manzo da bakinsa ya faɗa, ta wani rami na biyar ya fita.