Tsinkaye a Gicciye

Abinci ya cika teburin gidan Dou a birnin Dalian na ƙasar Sin, talabijin na ta ɓaɓatu: wakilan Sin da na Japan sun sake tashi baram-baram kan tsibiran nan da suke jayayya a kai. A ranar Ruolan, 'yar gidan, ta kawo saurayinta gida, bayan ta ja masa kunne tun a bas: "Sunanka Sheng, ɗan kudu. Kada ka kuskura ka ce Noboru!"

Sinancinsa tas! Ya zuba wa Baba shayi, ya yabi girkin Mama, har Baba ya soma ce masa "ɗana". Da ya ƙoshi, sai ya ajiye tsinkayen cin abincinsa a gicciye, yadda uwarsa ta koya masa, ba a miƙe kamar na kowa ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta ƙura wa tsinkayen ido. "Rabona da wannan ajiya tun ina yarinya, ina wanke wa sojojin Japan kwanuka."

Baba ya doki tebur. "Ɗan Japan? A gidana? Kana cin shinkafata, 'yan uwanka na cin ƙasata!"

"Haba Baba! Shi ke zaman sulhun? Injiniya ne fa, ko kifin tsibirin bai taɓa gani ba!"

"Rufe min baki, maƙaryaciya!"

Ku ji mutum! Talabijin ɗin da ke hura masa wutar ma ƙirar Japan ce, tutar Sin kawai ya liƙa ya rufe sunan.

Noboru ya sunkuyar da kai. "Baba, zan jira izininka."

"Jira gawata!"

Suka jira ɗin. Maƙwabta suka rubuta "maciya amana" a ƙofar gida, Ruolan ta goge tana hawaye. Duk manemin da aka kawo, shayi take ba shi ta sallame shi. Kaka, tana kwance ciwon ajali, ta riƙo hannun ɗanta: "Ni sojojinsu suka mara, ba kai ba. Kuma ba yaron nan ya mare ni ba. Bakina ne ya tona shi, ka sauke min nauyin." Baba ya ce zafin ciwo ne.

Shekaru suka shuɗe. Ran nan manyan ƙasashen biyu suka gaisa a talabijin, har da dariya. Baba ya gyara zama. "Ke, wai ina yaron nan ne? Yana da ladabi fa."

Kukan 'yarsa bai motsa shi ba, roƙon uwarsa bai motsa shi ba, sai musafahar mutanen da ba su san da shi a duniya ba!

Aka yi biki, amarya da silin furfura, kujerar Kaka ba kowa. Noboru ya ajiye tsinkayensa a miƙe, a tsorace. Ruolan ta sa hannu ta gicciye su, idonta cikin na Baba. Baba ya ci gaba da cin abincinsa.

Haƙuri ya ba ta mijinta, gaskiya ne, amma bai maido mata da ƙuruciyarta ba. Iyaye, kafin ku ari fushin manya ku sauke a kan 'ya'yanku, ku tuna: manyan nan gobe za su shirya, su ci, su sha.