Rabin Sunanki, Rabin Nawa

A shagonsa na saƙa suna a jikin tawul ɗin jarirai ya fara ganinta. Ta ce yayarta ce ta haihu, ta miƙa masa waya ya ga sunan.

Ya karanta, ya sake karantawa. "Wannan sunan yaro ne ko na maganin tari?"

Ta yi dariya har da dafa keken ɗinki. "Yayi ne. Rabin sunan uwa, rabin na uba. Kakar yaron ma ta haƙura, 'kai' kawai take ce masa."

Tun daga nan take biyowa in ta taso daga aiki. Yana ce mata 'Yar Tawul, tana ce masa Mai Zare. Wata rana ya yanko rabin sunanta ya haɗa da rabin nasa, ya saƙa a jikin wani tawul da shuɗin zare. Sunan ya fito wani bambaraƙwai.

"Na ɗanmu na fari," ya ce.

Ta ajiye tawul ɗin a hankali, ta fita ko sallama babu.

Washegari saƙonta ya shigo: "Mai Zarena, ka yafe min. Tun aikin da aka yi min a ciki bara, likita ya ce ni da haihuwa sai dai in gani a hannun wasu. Ka warware zarenka."

Ya mayar mata: "Ban iya warwara ba, saƙa kawai aka koya min."

Suka je wurin wani likitan. Magana ɗaya ce.

Da mahaifiyarsa ta ji, ba ta yi faɗa ba, shi ya fi ciwo. "Kai kaɗai gare ni. Kullum kana saƙa sunan 'ya'yan mutane, naka fa?" Ta soma aiko 'yar ƙawarta shagon da abinci. 'Yar Tawul ta gan su sau ɗaya, ta daina ɗaga wayarsa.

Ya rame. Aikinsa ya soma karkacewa, masu jego suna dawo da kaya.

Wata rana da yamma mahaifiyar ta same shi da tawul ɗin a cinya, reza a hannu, ya kasa tsinka ko zare ɗaya. Ta duba sunan da ke jiki.

"Wannan suna ko a bakina ba ya zama," ta ce. "Ajiye rezar. Je ka aure ta. Ba wai na daina kuka ba ne."

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Da mutane suka watse, amarya ta ga tawul ɗin a ninke a kan gado.

"Wa zai amsa shi, Mai Zare?"

"Wataƙila babu kowa. Amma duba, nan naki ne, nan nawa. In na kira ki amsa, in kin kira in amsa."

Ta gwada kiran sunan, harshenta ya harɗe, hawaye na zuba.

"Na'am," ya ce.

Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya sanyaya zuciyar uwar nan.