Ranar Da Aska Ta Koma Zabira

Sau bakwai Gwaggo Shatu ta wanke kofin, na farkon da ƙasa.

Adawiyya tana tsaye a tsakar gidan da kwanon abinci a hannu, tana kallo. Kofin silba ne, wanda Alamin ya sha ruwa da shi yanzun nan. Da matar ta gama, ta ɗaga shi da yatsu biyu, ta rataye a wata ƙusa can nesa da sauran.

"Gwaggo, kare ne ya sa baki a ciki?"

Gwaggo Shatu ba ta ɗago ba. Ta ce ita dai abin da ta ji ta ji, kuma ba za ta ɓata sallarta saboda ɗan ƙaninta ba. Ta juya ta tofar da yawu.

Adawiyya ta rabu da ita, ta wuce ɗakin Alamin.

Wata uku ke nan da dawowar Alamin daga Khartoum, inda aka buɗe masa ƙirji aka canza masa ƙofar zuciya da wata ta ƙarfe. Tela ne a unguwar Walia, can hayin kogi. Kafin tafiyar, ko taka keken ɗinki ya yi sai haki ya kama shi, leɓensa ya yi baƙi. An riga an yi musu baiko shi da Adawiyya a lokacin. Ranar da zai tafi ya ce mata kakansa ya nufi Makka ya tsaya a nan garin, shi ga shi zai ƙara masa rabin hanya. Ta yi dariya a gabansa, ta yi kuka a mota.

Ya dawo da ransa, da tabo tun daga ƙasan wuya har saman ciki, da wata 'yar ƙara a ƙirji, ƙas-ƙas kamar agogo.

Ranar da ta fara ganin tabon, bayan gida ta ruga ta yi amai. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ba ta kuma yafe wa kanta ba. Tun daga ranar kullum sai ta hau kilando, wato acaɓa, daga unguwarsu Habbena ta haye gada zuwa gidansu. Ita ke masa miya ba gishiri. Ita ke karanta takardar likita da Faransanci, ta fassara wa mahaifiyarsa. Ita ke raba masa ƙwayar nan ta tsinka jini da zai sha har ƙarshen rayuwarsa, ta kuma raka shi labtan, wato asibiti, duk mako biyu a auna jinin.

Sai ga zancen alade.

Abdulgani ne ya kawo shi, ɗan baffanta mai shagon atamfa, wanda ya daɗe yana nemanta tana ƙi. Ya ce wani direban Sudan ya tabbatar masa naman alade likitoci ke ɗinkawa a zuciyar mutane. Cikin mako guda magana ta zaga dangi. Abokan da suke cin tuwo a faranti ɗaya da Alamin suka fara cewa sun ƙoshi. A masallaci aka bar masa gibi dama da hagu.

A ɗakin, Adawiyya ta samu Alamin zaune a kan tabarma, ya rungume matashi a ƙirji don tari.

"Kin ga kofina ya samu matsayi," ya ce. "Shi kaɗai ke da ƙusarsa."

"Ba abin dariya ba ne, habibi."

"To me zan yi... in buɗe musu su leƙa?"

Ta ɗebi miya a cokali, ta ba shi ya sha rabi, ta shanye sauran tana kallon ƙofa, inda inuwar Gwaggo take.

Mahaifin Adawiyya, Malam Idris, wanzami ne. Shekara arba'in yana aski da kaciya da ƙaho, kuma a Habbena ba wanda ke masa gardama a kan jini. Da zancen ya kai masa, ya kira ta ya ce an ɗage bikin. Ta rantse masa ƙarfe ne, ta kawo takarda. Ya ce shi bai karanta boko ba. Ya yi kwana uku ba ya mata magana, a na huɗu ya sauko. Ya ce yaron ɗan mutunci ne, ba zai zubar da shi ba. Ko ma me aka sa masa, dattinsa a jini yake, kuma jini aikinsa ne. Zai yi masa ƙaho ya fitar da mataccen jinin a gaban dattawa, bakin kowa ya mutu, sannan a ɗaura aure.

Ta durƙusa ta ce masa maganin da Alamin ke sha ba ya barin jini ya daskare, likita ya hana shi ko da askin reza.

Malam Idris ya dube ta. Ya ce tun ba a haife ta ba yake tsayar da jini.

Ta gaya wa Alamin washegari. Ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ranar Asabar da hantsi ta dawo daga kasuwa, ta ga ƙusar da mahaifinta ke rataye zabirarsa wayam. Innarta ta kawar da kai ta ce ya haye Walia tun sassafe, shi da Abdulgani.

Ba ta san yadda ta haye gadar ba.

A zaure ta same su. Dattawa uku a jere. Abdulgani ya toshe hanci da gefen rawani. Alamin yana zaune ba riga, ya ba da baya, an riga an cire ƙahonni huɗu daga tsakanin kafaɗunsa. Jini yana bin gadon bayansa, siriri, ja wur, ya jiƙa wando ya kai tabarma. Tsumma biyu sun jiƙe a gefe. Ƙarnin ya cika zauren.

Mahaifinta ya danna na uku, ya ɗaga. Jinin ya sake tsattsafowa kamar ba a taɓa shi ba. Ya barbaɗa garin magani, jinin ya tafi da shi.

Ya sake dannawa. Ba ta taɓa ganin jini ya gagare shi ba.

Abdulgani ya matsa baya yana tattare babbar riga. Ya ce ai ga shi nan, jinin kirki ba ya haka.

Adawiyya ta cire mayafinta a gaban dattawan, ta ninke shi, ta durƙusa cikin jinin ta danna da hannu biyu.

"Ka sani," ta ce a kunnen Alamin. "Ka sani sarai."

"Na sani." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ya ce in na yarda zai ba ni ke. Ta yaya zan ce wa surukina a'a... kuma da me zan ce?"

Ta ɗago ta dubi mahaifinta.

"Baba, kama nan. Danna da ƙarfi, kada ka ɗaga."

Malam Idris ya bi umarnin 'yarsa. Ya rungumo yaron ta baya, ƙirjinsa a kan mayafin, kuncinsa a kafaɗar Alamin. Zauren ya yi tsit. A nan ya ji 'yar ƙarar nan ta ƙirjin yaron.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo da kai wajen Abdulgani.

"Kai, zo ka sa kunne."

Abdulgani ya ce shi yana da alwala.

"Na yi shekara arba'in ina taɓa nama," in ji tsohon. "Nama ba ya wannan kukan. Fita ka samo mota, in kana da sauran amfani."

Kwana biyu Alamin ya yi a labtan kafin likita ya sallame shi. Likitan ya yi faɗa sosai, ya tambayi wane ne ya yi wannan aikin. Malam Idris ya miƙe ya ce shi ne. Bai koma Habbena ba sai da aka sallame su. Da suka isa Walia ya tsaya a tsakar gida, ya sauke kofin nan daga ƙusa, ya ba Alamin ruwa, ya shanye ragowar. Gwaggo Shatu ta shige ɗaki.

Adawiyya ba ta yi wa mahaifinta magana ba har mako biyu. Mayafin ma ba ta wanke ba, ƙona shi ta yi.

Bayan ƙaramar Sallah aka sa ranar bikin. Alamin ya koma kan kekensa, shi ya ɗinka mata kayan da za ta sa, a hankali, yana hutawa.

A gidan wanzamai, uban amarya ke yi wa ango askin biki. Da safiyar ɗaurin auren Adawiyya ta leƙa ta tagar ɗakin innarta, lalle a hannu da ƙafa. Alamin ya zauna a kan tabarma ya sunkuyar da kai. Mahaifinta ya buɗe zabira, ya fito da askarsa ta gado, ya duba kaifinta a rana kamar yadda ya saba.

Sannan ya naɗe ta a fatarta ya mayar.

Daga aljihu ya zaro sabon almakashi, irin na masu kitso, har da takardar shago a jiki. Dattawa suka dubi juna. Wani ya ce wannan ai ba aski ba ne.

"Zai ɗau lokaci," in ji Malam Idris, ya dafa kan yaron. "Kada ka motsa, ɗana."