Ƙararrawar da Aka Buga Ba Sallama

Ranar Talata ce da almuru, kwana uku bayan bikin cika shekara ɗari da gina hasumiyar ƙararrawar cocin ƙauyenmu, nan gindin dutsen Agu. Fo Senyo, mai buga ƙararrawar, ya dawo daga bugun ƙarfe shida, ya zauna yana murza man kaɗanya a tafin hannunsa da igiya ta cinye. 'Yarsa Esinam, budurwa mai shekara goma sha bakwai, na kirɓa sakwara, uwarta Akuwa na juya mata. Kaji sun shige, miyar manja na tafasa. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Akuwa ta ɗaga murya ta zagi 'ya'yan maƙwabta har da iyayensu, don ita bakinta ba ya jiran shaida. Dutse na biyu ya fasa randa. Na uku ya sami Akuwa a goshi, ta kife a kan turmi, jini ya ɓata sakwarar. Ba daga bayan danga jifan ke zuwa ba, daga sama yake saukowa, a miƙe. Senyo ya ɗauki guda ya duba, ya ga jan dutse ne mai farar ƙasa a gefe ɗaya. Shekara talatin yana shafa wa bangon hasumiya wannan farar ƙasa da hannunsa. Ya gane daga inda dutsen ya fito, amma ya ɓoye wa kowa.

Ga abin da ya sani. Lokacin da Jamusawa suka zo gina hasumiyar, wani ƙaton rimi suka sare, kuma rimin da masu shi, aljanu. Kakan Senyo, wanda aka fara danƙa wa igiyar, shi ya shirya da su: za su zauna a saman hasumiya, shi kuma kafin ya ja igiya zai tsaya a ƙofa ya ce "Agoo," sallamar da muke yi a ƙofar kowa, ya jira numfashi bakwai, su kwashe 'ya'yansu. Haka kakan ya yi, haka uban ya yi, haka Senyo ya yi har ranar biki. Ranar nan baƙi sun zo daga Lome da na'urar ɗaukar hoto, ga sabon fasto, yaro mai takalmi mai ƙyalli, yana zagayawa da su. Da safe Senyo ya yi sallamarsa, sai faston ya tambaye shi a gaban mutane ko jemagu ne ke amsa masa. Aka yi dariya har da tafi. Da yamma, da ya ga idanu a kansa, kunya ta kama dattijon banza, ya shige kai tsaye ya ja igiya. A bugun farko ya ji ƙarar ta fito a dakushe, kamar an daki abu mai laushi.

Washegarin jifan, da ƙarfe shida ya yi, Senyo na can yana jan igiya, Esinam ta ajiye tsintsiya, ta taka a hankali zuwa bangon ɗaki. Ƙararrawa ta buga, ita ma ta buga kanta da bango. Ta sake bugawa, ta sake. Sau shida cif, sa'annan ta zube. Da ya dawo ya tarar da fuskar 'yarsa ta kumbura, ido ɗaya ya rufe. Ta dube shi da ɗayan, ta ce masa da wata murya ta tsohuwa, mai kaushi, saura kwana shida.

Ranar Alhamis ya ƙi buga ƙararrawar. Sai ƙararrawar ta buga da kanta, igiya na lilo ba kowa a ƙasa, yarinyar kuma ta cika shidanta. Ranar Juma'a aka ɗaure ta da turmi, ta ja shi har bango. Ranar Asabar faston ya zo da dattawan coci huɗu, kuma in za a faɗi gaskiya ya yi addu'a da zuciya ɗaya, har yana kuka. Ƙarfe shida na yi ta fizge, ta kama hannun wani dattijo ta karya shi a gwiwarta, ta yi jifa da faston cikin murhu. Akuyar gidan kuwa an same ta a bayan ɗaki, wuyanta a murɗe. Maƙwabta suka fara kwana a gidajen dangi.

Akuwa ce ta tsare mijinta. Ta ce shekara ashirin tana kwana da shi, ta san fuskarsa in yana ɓoye abu. Ya gaya mata. Ba ta zage shi ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta ce kawai, "Papan Esinam, don kada yaro ya yi maka dariya?" Ta ɗaura zane, ta kama hanyar zangon garin Kpalime, ta zo da Alfa Isifu, wani tsohon malami Bakotokole da ake kai wa masu irin wannan larura, Musulmi da Kirista duka.

Ranar Litinin da la'asar sakaliya suka iso. Alfa ɗan siriri ne, ba ya son surutu. Ya sa aka fitar da 'yan kallo, ya ce maza huɗu su danne yarinyar a kan tabarma, ya yi alwala, ya zuba garin magani a garwashi, ya durƙusa a kanta ya fara karatu. Da farko dariya ta yi masa. Da karatu ya yi nisa, dariyar ta koma gurnani, bayanta ya lanƙwashe, mazan huɗu suna tashi sama suna dawowa. Ta tofa masa jini a gemu, ta cije shi a hannu har haƙori ya nutse. Bai janye hannun ba, bai yanke aya ba. Duwatsu suka yi ta sauka a kan rufi har kwano ya huje. Can ta ce ya isa, yana ƙona ta.

Alfa ya tambaye ta ko ita wace ce, me kuma yarinya ta yi mata. Ta ce ita ce matar saman hasumiya, tun rimi na tsaye take nan. Shekara ɗari ana yi musu sallama, ba su taɓa ko kazar kowa ba. Ran nan ɗanta na barci a cikin bakin ƙararrawa, inda ya saba kwanciya don sanyi.

"Ƙarfen tsakiyar ƙararrawar ya fasa masa kai. Sau shida. Ina tsaye." Ta juyo da ido ɗayan nan ga Senyo. "Kai ka sani. Ka ji a hannunka."

Senyo ya ce ya ji. Bai yi musu ba.

Alfa ya ce an zalunce ta, babu shakka, amma yarinya ba ta ja igiya ba, kuma in ba ta fita ba zai ƙona ta ƙurmus. Ta ce ya ƙona, za ta tafi da yarinyar a hannu, su ga wanda zai yi asara. Alfa ya san ba ƙarya take ba, don numfashin Esinam ya riga ya fara sarƙewa. Sai Senyo ya matso da rarrafe ya ce ta ɗauke shi a madadin 'yarsa. Alfa ya daka masa tsawa, ya ce rai ba nasa ba ne balle ya bayar, ba nata ba ne balle ta karɓa. Suka yi ta ja, yana karatu tana ihu, har ta sauko. Ta ce to, Senyo ya sa kansa inda ɗanta ya sa nasa, a buga shida. Alfa ya ce ba a hanyar ƙarfen ba, a gefe. Ta ce ta yarda, in ya fito da rai nasa ne.

"Fo Senyo, ban ce ka je ba," in ji Alfa. "Ka san abin da ƙarar nan za ta yi wa kunne."

"Na fi kowa sani, Alfa. Ka riƙe min ita."

Rana ta kusa faɗuwa da ya hau tsanin katakon. Ƙararrawar ta fi shi faɗi. Ya tsuguna a kan gungumen da ke ƙarƙashinta, ya cusa kansa ciki, ya manne da gefe. A ƙasa kuwa ba namijin da ya yarda ya taɓa igiyar, har faston, wanda ya tsaya da ƙunar murhu a wuya. Akuwa ce ta ture su. Ta tsaya a ƙofa ta yi sallama, ta ƙirga numfashi bakwai, ta kama igiya da hannu biyu.

Bugun farko ya ji shi har cikin haƙora. A na biyu wani abu ya fashe a kunnensa na dama, ɗumi ya gangaro masa a wuya. A na uku ya yi ihu bai ji ihun ba. Sauran ukun a ƙashinsa kawai ya ji su. A gida, a daidai bugu na shida, Esinam ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta yi barci. Ba a sake jifa ba.

Mutum biyu suka sauko da shi, riga jiƙe da jini, ba ya iya tsayuwa sai ya karkata. Ya yi kwana tara a kwance. Ran na goma da hantsi ya fito ya zauna a ƙofar ɗaki, ya ba tsakar gida baya. Esinam, wadda ita ma ranar ta fara takawa, ta fito da kai a naɗe, ta tsaya a bayansa.

"Papa," ta ce.

Bai juyo ba. Ta ƙara, da ƙarfi. Ta ƙara, har muryarta ta karye, har Akuwa ta bar wanke-wanke ta rufe fuska da zane. Sai yarinyar ta zagayo ta durƙusa a gabansa. Ya gan ta, ya kama fuskarta da hannu biyu yana duba raunin, yana kallon bakinta na motsi. Sa'annan ya ce, da murya mai ƙarfi fiye da kima, har ana ji a maƙwabta:

"Kin tashi? Ki yi magana mana, 'yata. Kin ci abinci?"