Ya Ɗaga Hannu, Bai Ji Ba

Ranar da mutanen jami'a suka shigo layin masu injin niƙa, Auta yana tsaye a bakin injinsa, gari ya yi masa fari fat tun daga gashin kai har gira. Kawunsa mai shagon ne ya dafa kafaɗarsa ya yi masa ihu, don a wannan layin ba a magana sai da ihu.

"Kashe injin! Masu duba kunne sun zo!"

Bincike suke yi, in ji babban likitan da ya jagorance su, a kan abin da ƙarar inji take yi wa kunnen masu aiki da shi shekara da shekaru. Wanda aka samu jinsa ya fara raguwa za a rubuta shi, a ba shi abin toshe kunne, a riƙa duba shi duk wata uku. Mai lafiya kuwa a yi masa godiya a sallame shi.

Ɗakin bayan shagon tela suka ara, can ƙarshen layi inda ƙara ba ta kaiwa. Da layi ya zo kan Auta ya kakkaɓe riga ya shiga. Nan ya ga wata budurwa zaune gaban wani ƙaramin akwati mai maɓallai, da farar riga da gilashi. Ɗalibar jinya ce a shekarar ƙarshe, 'yan layin har sun sa mata suna Malamar Kunne.

"Zauna, Malam, ka fuskanci bango. Zan sa maka wannan a kunne. Duk lokacin da ka ji ƙara, ko 'yar siririya ce, ka ɗaga hannu."

Ya fuskanci bango kamar yadda ta ce. Sai dai a jikin bangon, daga gefe, akwai madubin tela da ba wanda ya kula da shi, kuma a cikinsa yana ganin babban yatsanta a kan maɓalli.

Ƙarar farko ya ji, ya ɗaga hannu. Ta biyu ma haka. Daga nan sai shiru. Ya ga yatsan ya danna, bai ji komai ba. Ya sake dannawa, shiru. Ya kalli fuskarta a madubin, tana jira, sai wata kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ɗaga hannu. Haka ya yi ta bin yatsanta har suka gama.

"Ikon Allah," ta ce tana rubutu. "Shekara nawa kana wannan aikin?"

"Tara."

"Ka fi kowa kunne a layin nan. Amma girarka ta riga ka tsufa, Farin Gira."

Ya shafa girar, gari ya zubo masa a cinya, ta yi dariya. Ta miƙa masa takarda mai lambar waya a ƙasa, wai ko yana da tambaya.

Kwana huɗu yana neman tambaya. Karatunsa bai yi nisa ba, sai da ya goge saƙon sau biyar kafin ya tura.

"Malama barka da rana. Farin Gira ne. Tambayata ita ce kin isa gida lafiya ranar nan?"

"Yau kwana huɗu da isata. Da ɓata na yi ai da tuni an gaji da nema. Ya inji?"

"Inji yana gaishe ki. Ya ce ki riƙa bi ta ƙofarmu."

Sai ta riƙa bi. Binciken ya ɗauki mako shida ya ƙare, ita ba ta daina bi ba. Kullum da la'asar ya wanke fuska ya raka ta bakin titi inda take jiran mota. Ya koyi tsayawa daidai gabanta yana kallon bakinta, abin da kunne ya bari ido ya tsinta.

"Ban taɓa ganin mai sauraro irinka ba," ta ce masa wata rana. "Ba ka ɗauke ido ko kaɗan."

"In na ɗauke zan yi asara, Sanyina."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Shi kaɗai ya san nauyin abin da ya faɗa.

A layi kuwa kowa ya samu abin toshe kunnensa. Kawu ya kafa nasa yana yawo kamar matuƙin jirgin sama, yana cewa in matarsa ta fara faɗa ma yana da amfani. Auta ne kawai ba shi da shi, tunda takarda ta ce lafiyarsa ƙalau, kuma ba ya iya roƙo ba tare da ya tona kansa ba. Wata ƙara siririya ta tare a kunnensa na hagu, ko an kashe inji ba ta tafiya. Da tafiya ta yi tafiya, wasu suka fara rataye nasu a ƙusa.

"Ga Auta nan, shekara tara, me ya same shi?" in ji mai injin kusa da su. "Ba inji ba ne, tsufa ne kawai."

Auta ya ga bakin mutumin, ya gane abin da ya ce, ya juya ya ci gaba da zuba hatsi.

Bayan wata bakwai ta ce ya zo ya gaida mahaifinta. Baban nata mai gyaran agogo ne, mutum mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ba ya maimaita zance. Auta ya same shi a ɗan shagonsa da gilashi maƙale a ido ɗaya, ya sunkuya a kan wani agogon hannu. Ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa bai ɗago ba, ya ci gaba da magana kansa a ƙasa.

Auta yana ganin gemu yana motsi, baki kuwa a ɓoye. Ya kasa kunnen dama, ba abin da ya shiga sai gunaguni. Ya yi murmushi, ya kalli agogunan da ke bango, ya sake murmushi. Can tsohon ya yi masa nuni da ƙofa.

Da yamma saƙonta ya shigo.

"Me ka yi wa Baba? Ya ce sau uku yana tambayar ka sunan mahaifinka ka yi banza da shi kana kallon bango. Ya ce wanda ya raina shi tun yanzu ba zai ba shi 'ya ba."

"Kwarjini ya yi mini. Ki ba shi haƙuri."

Ƙarya ta biyu ke nan, ita ma daga ta farkon ta fito.

Akwai wani ƙaramin likita cikin masu binciken, mai hankali da ladabi, wanda shi ma yake son ta, ya daɗe yana kai wa Baba agogon da ba abin da ya same shi. Baba ya karɓa ya goge ya mayar masa, su yi hira. Auta ya sani, ita ta gaya masa tana dariya. Daga baya ta daina dariyar.

Wata Talata suna tsaye a bakin titi, tana gefensa na hagu, shi kuma ya juya yana duba mata mota. Ta yi magana mai tsawo a hankali. Da ya hango motar ya juyo da fara'a.

"Ga motarki nan."

Ta tsaya tana kallon sa, ido ya ciko. Ta shiga mota ba sallama. Bai kai shago ba wayarsa ta yi motsi a aljihu.

"Na ce maka Baba ya ba likita izinin turo manyansa ƙarshen wata. Na ce in kana so na ka ce wani abu, ko kalma ɗaya, in samu abin riƙewa. Ka ce ga motata nan. Na gode, Farin Gira. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Bai koma aiki ba, gida ya nufa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Innarsa da waya a hannu. Tana tsintar shinkafa a faranti, ta ajiye, ta zagayo ta zauna daidai gabansa.

"Autana, ka gaya mata."

"Me zan gaya mata, Inna?"

"Ni na haife ka. Wata nawa rabon da in kira ka daga ɗaki? Sai na taso na zo gabanka. Ina jira ne ka faɗa da bakinka."

Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin na yara. Ta bar shi har ya gama, hannunta a bayansa. Sannan ya share fuska ya rubuta saƙo mafi tsawo a rayuwarsa.

"Sanyina ban ji ba. Wallahi ban ji ba. Na Baba ma ban ji ba. Ranar da kika gwada ni akwai madubi a ɗakin tela, yatsanki nake kallo. Na ji kunya ki san kunnena ya lalace tun ranar da na fara ganin ki. Na ɓata miki aiki, na sa mutane sun cire abin kunnensu. Ki auri likita in shi ne alheri. Amma kar ki tafi kina zaton na ji na yi shiru."

Kwana biyu ba amsa. A na uku saƙo ya zo, gajere.

"Gobe ƙarfe tara, asibitin jami'a, hawa na biyu. Ba madubi."

Ɗakin ƙarami ne mai kaurin ƙofa, da taga ta gilashi a bayansa. Ita ke riƙe da akwatin, babban likita na tsaye kusa da ita. Auta ya ɗora hannu a gwiwa. Ya ɗaga sau uku. Daga nan hannun bai ƙara motsi ba. Ya zauna cikin shirun nan mai tsawo, ya san tana dannawa. Da aka buɗe ƙofa ya ga ta cire gilashinta tana goge shi da bakin mayafi.

Babban likita ya zauna gabansa ya yi magana a hankali.

"Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na hagu ya yi nisa. Na dama akwai saura, shi za mu tsare. Da tun bara muka sani, da sauran ya fi haka."

Ita kuma ta ce laifin madubin nata ne, ita ta shirya ɗakin. Aka ce sai ta sake gwada duk wanda ya shiga ɗakin telan nan, mutum arba'in da ɗaya, kammala karatunta kuma ya ja baya da wata uku. Auta da kansa ya bi layin shago-shago yana faɗa wa kowa abin da ya yi. Kawu ya ciro abin kunne daga ƙusa ya kafa masa a ka.

"Ɗan banza!" ya yi ihu. "Ni da ke tinƙaho da kunnenka!"

Ƙaramin likitan, da ya ga yadda ta fito daga ɗakin gwajin, bai jira an gaya masa ba. Ya daina kai agogo.

Saura Baba. Auta ya koma shagon shi kaɗai, ya durƙusa.

"Baba, ban raina ka ba. Kunnena ne ya lalace, na ɓoye. In za ka yi mini faɗa, don Allah ka ɗago in ga bakinka, kar ko ɗaya ya wuce ni."

Tsohon ya cire gilashin idonsa. Ya ɗauki agogon da ke gabansa ya kara a kunnen Auta na hagu. Auta ya girgiza kai. Ya mayar na dama. Auta ya rufe ido, ya daɗe.

"Kaɗan, Baba. Kamar daga nesa."

Sai 'yarsa ta shigo da kwanon abincin rana, ta tsaya a bakin ƙofa. Baba ya dube ta.

"In ba ki wanda wata rana ɗansa zai yi kuka bai ji ba?"

"Ni zan ji, Baba. In taɓa shi ya tashi."

Tsohon ya daɗe yana juya agogon a hannu. Sannan ya matso da kujerarsa daidai gaban Auta, ya buɗe murya, har mai shagon kusa ya leƙo, don shekara talatin bai taɓa jin sa ta bango ba.

"Na ce, mene ne sunan mahaifinka?"

Auta ya faɗa, hawaye na bin fuskarsa.

"To. Ka turo manyanka."

An ɗaura auren bayan ta kammala karatu. Auta bai ji yawancin addu'o'in da aka yi ba, bakunan mutane ya bi yana cewa amin, Kawu na gefensa yana taɓa masa gwiwa in an zo wurin. Bai bar injin ba, don shi ne sana'arsa, amma ba ya kunna shi sai kunnensa a toshe.

Washegari da safe yana zaune a bakin gado a sabon ɗakinsu, ta zagaya bayansa.

"Gwaji na ƙarshe, Farin Gira. In ka ji ka ɗaga hannu."

Ya jira. Ya ji ɗumin numfashinta a wuyansa, ya san ta yi magana. Hannunsa bai bar gwiwa ba.

"Ban ji ba, Sanyina."

Ta zagayo ta durƙusa gabansa, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, ta maimaita a hankali yana kallon bakinta. Ya ɗaga hannu. Ta kama shi ta riƙe.

Allah ya tsare musu abin da ya saura, ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.