Injin Niƙan da Ya Cinye Unguwa

Masu cewa talauci ne ya kai mai niƙa wurin boka ba su san shi ba. Yana da injinsa guda a bakin layi, yana ci yana sha. Abin da ya hana shi sakat shi ne ganin benayen wasu.

Da rana tsaka ya shiga ɗakin bokan, amma cikinsa duhu ne kamar rijiya. Ƙahonni rataye a bango, jini ya bushe a kan wani kifaffen turmi, ko ƙuda ya ƙi sauka a kansa.

"Ranka ya daɗe, arziki nake so."

"Ni ba na ƙera arziki," in ji boka. "Ɗebo shi nake daga tukunyar wasu. Ka yarda?"

"Jini za a zubar?"

"Ko ɗigo. Ƙoshinsu kawai za su ba ka."

Ya miƙo masa haƙorin wata dabba naɗe a baƙin ƙyalle, ya ce ya binne ƙarƙashin injin. Duk wanda ya ci garin da aka niƙa a wurin, cikinsa zai cika amma yunwa ba za ta sake shi ba, ƙoshin kuma ya zama dukiya a hannun mai niƙa. Sharaɗi ɗaya ne: kada garin ya shiga bakin duk wanda yake jininsa.

"To su mutanen fa?"

"Sai yanzu ka tuna da su?"

Ya sunkuyar da kai, ya jefa ƙyallen a aljihu.

Abin bai ɗauki lokaci ba. Awon da ke riƙe gida kwana biyu ya koma ba ya kai yamma. Mata suka yi ta zaryar niƙa, maza suka sayar da awaki, suka sayar da keken ɗinki, daga baya filaye. Shi ke saye, a yadda ya ga dama, don mai jin yunwa ba ya ciniki. Ya tada bene, ya cika rumbuna. Yaran unguwa kuwa suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, aka fara binne su. Shi ke sayen likkafani, ana ta sa masa albarka, albarkar tana ƙona shi kamar garwashi. Ya sani sarai, amma bai tone haƙorin ba.

Abincin gidansa daga nesa ake kawowa. Bai gaya wa kowa dalili ba, da wane bakin? Sai dai ya manta da halin mahaifiyarsa, tsohuwar da ta raine shi da ƙyar, wadda ba ta iya ganin ƙwayar hatsi a ƙasa ta wuce. Kullum takan lallaɓa wurin injin, ta share garin da ya zube, ta tankaɗe, ta dafa wa jikarta, 'yar autarsa.

Wata rana ya tarar da yarinyar tana suɗe tukunya.

"Baba, ban ƙoshi ba."

Ya juya wurin mahaifiyarsa. "Inna, me kika ba ta?"

"Garin injinka mana, ɗan nan. Don ka yi kuɗi sai a bar abinci a ƙasa?"

Ya ruga wurin boka yana kuka.

"Tone ko kada ka tone," in ji bokan. "Ƙoshinta ya riga ya shiga ginin benenka. Ka iya zaro shi daga bulo?"

Ya tone haƙorin. Yarinyar ta ci gaba da ci tana ramewa, har ta rasu da loma a bakinta. Inna ta zautu, tana bin layi da tukunya a ka tana kiran jikarta. Ƙwari suka bi rumbunan suka mai da hatsin ƙura.

Ranar zaman makoki, wata maƙwabciya da ta binne 'ya'yanta biyu ta durƙusa gabansa da ɗan kwanon tuwo.

"Ci ko kaɗan, ɗan'uwana. Mun san zafin nan. Kai da ka tsaya mana lokacin namu."

Bai faɗa mata gaskiya ba. Ya san garin daga injinsa ya fito, niƙan tun kafin ya tone haƙorin. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya cinye tas a gabanta.

Har yau yana nan a gindin benen, ƙashi da fata, yana ci yana kuka. Kai mai hangen benen wani, kafin ka yi kwaɗayi, ka tambaya tukunyar wa aka kwashe aka gina shi.